Dubiyar Auta

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe biyar na yammacin wata Alhamis ba, a gidana da ke unguwar Utaibiyya. Waɗanda ke wurin: ni, maƙwabcina Malam Sale, dattawan masallacinmu biyu, sai Auta.

Bari in bi abin daki-daki. Auta ba mutum ba ne. Wata dabba ce mai dogon jiki kamar tunku, ferit ake kiranta. 'Yata ce ta saye shi, ta raɗa masa Auta don shi ya shigo gidan daga ƙarshe, ta yi aure a Jidda ta bar min shi. Tun rasuwar mai ɗakina, shi kaɗai ke jin ƙarar mabuɗina ya taso. (Autana na cikina yana Dammam, sai da Sallah muke gaisawa.)

Da farko gashin wutsiyarsa ya zube, sannan na baya, sannan susa. Likitan dabbobi ya ce wani ƙulli ne kusa da ƙoda ya rikice. Ko a dasa masa magani ƙarƙashin fata a yi ta lallaɓawa, ko a yi aiki, amma ya tsufa, mai yiwuwa ba zai farka ba. Na dawo gida babu abokin shawara sai bango. Shi ya sa ranar Laraba a ƙofar masallaci bakina ya suɓuce: "Ku sa Auta a addu'a. Gashinsa duk ya zube, ana maganar aiki."

Washegari Malam Sale da dattawan biyu suka yi sallama da dabino da jarkar zamzam, fuskoki a sanyaye. Na yi murna ƙwarai, rabon falona da baƙo tun zaman makoki. Na zuba gahawa.

"Yaushe aka dawo da shi daga Dammam?" in ji Malam Sale. "Ina yake, mu yi masa sannu?"

Kafin in haɗa amsa, sai ga majinyacin ya ɓullo daga bakin ƙofa, rabin jikinsa tsirara, yana jan takalmin ɗaya daga cikin dattawan. Mai takalmin ya ɗane kujera: "A'uzu billahi! Gafiya!"

"Shi ne Autan," na ce, kaina a ƙasa.

Dattawan suka tafi ba su ƙarasa gahawar ba. (Zamzam dai sun bari.) Malam Sale ya yi dariya har da hawaye, sannan ya dube ni: "To, Malam, yana ci? Yana fitsari?"

Na ce yana ci, amma fitsarin tun jiya da ƙyar, kuma likita ya ce in aka kai nan kada a jira.

"Kai kuma kana nan kana raba gahawa? Yalla, ɗauko shi, ga mota."

An yi aikin, Auta ya farka. Yanzu a unguwa Baban Gafiya ake kirana, ni da ake shakkar yi wa wasa. Amma duk Alhamis Malam Sale na leƙowa, wai duba majinyaci.

Na koyi faɗin magana cikakkiya. Kai kuma mai karatu, in tsoho ya roƙe ka addu'a, tambaye shi mutum ne ko dabba. Ko me ya ce, don Allah ka je.