Yadda Aku Ya Koya wa Ɗan Adam Magana

Ku matso ku sha labari, wanda ya ce sharara nake ya shiga daji ya tambayo.

A shekarar da tafkin Dajin Gurguzu ya ƙafe har kwaɗo yake taimama, dabbobi duk harshe ɗaya suke yi. Ɗan Adam kuwa lokacin ko "sannu" bai iya ba, sai gurnani da nuni da yatsa. To illar harshe ɗaya ita ce, in talaka ya yi kuka sarki zai ji. Jakuna su ne masu dakon ruwa zuwa fada, su ne kuma masu wuni da ƙishi. Kullum suna ƙofar Sarki Zaki Gagarau: yunwa, ƙishi, yunwa, ƙishi. Har mai girma ya daina samun barcin rana.

Aka kira majalisa. Kura Burungu, Ministar Walwalar Talakawa, ta miƙe tana sakace da ƙashin wani talakan.

"Ranka ya daɗe, kwamitinmu ya yi bincike mai zurfi. Babu yunwa a ƙasar nan, kalmar ce kawai take yawo. A soke ta kowa ya huta."

"Ƙishin fa?" in ji Zaki.

"Shi ma 'yan adawa ne suka shigo da shi."

Aka soke. Duk wanda ya furta, sai a kai shi ofishin Burungu a wayar masa da kai. Wutsiyarsa kawai ake mayar wa iyalinsa.

Shi jaki haƙuri gare shi, amma ba wawa ba ne. Jakuna suka ƙirƙiro wata kalmar. Aka soke, suka sake wata. Kowace unguwa da tata, rabi da baki, rabi da kunne da kofato. A fada kuma magana sai tsawo take ƙarawa, ma'ana tana ramewa: "tsare-tsare", "nan ba da jimawa ba", "ana kan dubawa". Shekara bakwai, fada ba ta jin unguwa, unguwa ba ta jin fada.

Sai aka naɗa Aku tafinta. Al'adar fadar kuwa, tafinta ba ya cewa bai gane ba. Hasbiya da ta riƙe kujerar kafin shi ta taɓa faɗa sau ɗaya, a miya aka yi mata sallama. Shi kuma Aku ko hanyar unguwar jakuna bai sani ba, wai kar kashinsu ya ɓata masa jar wutsiya.

Ran nan da hantsi tsohon jaki Goho ya faɗo fada yana haki. Ya hango mutane bayan dutse, riƙe da igiya da mashi, sun nufo unguwarsu. Abu ɗaya yake roƙo: Zaki ya fito ya yi ruri sau ɗaya tak su juya, kafin a ɗaure jakuna. Ya faɗa da baki, ya faɗa da kunne, ya daki ƙasa.

"Aku, me tsohon nan yake cewa?" in ji Zaki.

Aku bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Ya gyara murya. "Allah ya ja zamaninka, ya ce jakuna sun yi taro, sun amince ka zarce."

Fadawa suka ɗauka: "Gaishe ka, Goho! Ɗan halak!"

Goho ya ga abin ba na baki ba ne. Ya nuna wuyansa, ya nuna dutse, ya zube ƙasa ya miƙe ƙafafu kamar gawa.

"Yanzu kuma fa?"

"Ya ce in ba ka zarce ba, mutuwa zai yi."

Zaki ya share ƙwalla. "Kun ga talakawana ko? A naɗa shi Sarkin Biyayya. Kuma ku gaya masa, da zarar damina ta sauka za mu kafa kwamitin samar da ruwan sama."

Burungu ta haɗiye yawu. "In ya cika, a sanar da ofishina da wuri."

Goho ya tashi ya karkaɗe jiki, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya fita da rawani a karkace. Ko unguwa bai kai ba igiya ta sauka a wuyansa.

Kafin la'asar mutane sun gama da jakuna sun shigo fada. Zaki ya zama shimfiɗa. Burungu ta tsallake katanga, aka ce ta tafi ƙasar waje duba lafiyarta. Aku aka jefa shi keji yana ta jawabin maraba.

To daga nan ɗan Adam ya sami baki. Waɗanda suka sami rabon jakuna suka koyi maganar jakuna, kowa da irin ta unguwar da ya kamo, shi ya sa harsunan talakawa suka fi gashin kai yawa, kuma duk kuka ɗaya suke yi. Gida ɗaya ne kacal ya tafi da Aku. Jikokinsu suna nan, kun ma san su. Duk bayan shekara huɗu suna zuwa unguwarku da lasifika.