Karan da Na Auna Kaka da Shi

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na dawo Gumel daga makarantar kwana ba, shekarar da aka fara kashe naira. Na tarar gwiwoyin Kaka sun ƙi, tsugunno ya gagare ta. In za ta yi wanka sai Inna ta riƙe ta a makewayi tana zuba mata ruwa. Kaka kuwa akwai kunya. In an fito da ita sai ta juya wa bango fuska, ranar ko tuwo ba ta ci sosai.

Ni kuma na taɓa ganin bahon wanka a gidan wata malamarmu, fari fat, mutum ya shiga ya miƙe abinsa. Na ce shi ke nan, za a gina wa Kaka irinsa na siminti, daidai jikinta, ta yi wankanta ba mai taɓa ta. Ban shawarci kowa ba (ina aji huɗu fa, wa zai koya mini?).

Wata rana bayan azahar Inna ta tafi barka, Kaka na barci a tabarma ta ja mayafi har ka. Na zaro kara daga danga, na gwada tsawonta, na karya daidai. Na fita da shi a hannu fuu, ko dattawan ƙofar gida ban gaisar ba, sai wurin Baba Ilu magini.

"Baba, ga tsawon Kaka. A bayan ɗakinta za a yi, kada ya yi faɗi. Yau nake so."

Ya dubi karan, ya dube ni. "Inna lillahi! Yaushe, 'yata?"

"Yanzu na auna ta."

Ya dafa bango. Na ɗauka aikin ne ya yi masa yawa, na wuce gidan ƙawata don mu zana masa hoton bahon.

Ina dawowa na ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Har an tura mai keke garin Gagarawa ya faɗa wa Kawu. A ciki mata sun kewaye Kaka suna salati, Inna ta dawo ba takalmi tana kuka. Ashe a garinmu ba a auna mutum da kara sai in kabarinsa za a haƙa. Kowa ya san haka, ban da ni.

Sai mayafi ya motsa. Kaka ta leƙo, ta dubi taron, ta ce, "Wa ya rasu?"

Baba Ilu ya miƙo karan daga zaure, duk ido ya dawo kaina. Na yi bayani ina in'ina, hawaye har haɓa. Kaka ta yi dariya har da tari, ta karɓi karan ta ƙwanƙwasa mini a ka, sannan ta karya shi biyu.

"Ungo, ja'ira. A yi rabinsa. Zama zan yi, kwanciyar ba yanzu ba."

Haka aka gina shi: gajere, bakinsa ƙasa-ƙasa, da dakalin zama a ciki da wurin jingina, da 'yar kafar fitar ruwa. Ranar farko da kanta ta ja ƙyauren makewayi. Ni da Inna muka tsaya a waje muna jin ta tana 'yar waƙarta.

Tun daga nan, ko zane zan auna wa mutum, sai na tashe shi na gaishe shi tukuna.