Rimot a Hannu, Marfin Tanki a Kulle

Jama'a, ku taya ni murna. Shekaranjiya na kai bakin famfon gidan mai, abin da mutane da yawa suka yi ta mafarki ba su samu ba. Na kai, mai zuba mai ya ɗaga tiyo, har ƙanshin fetur ya bugi hancina. Sannan na juyo gida ba ko ɗigo a tanki. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Bari in faro muku daga tushe. Motata tsohuwa ce, ta girmi ɗan farina. Ƙofar direba sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa, ta baya kuma daga waje kawai ake buɗe ta. Amma marfin tankinta bai taɓa ba ni kunya ba. Akwai wani ɗan ƙarfe a gindin kujerata, in na ja shi sai wata waya ta ja marfin, ya buɗe ɓas.

To, kwaɗayi mabuɗin wahala. Kullum ina ganin manya suna fitowa daga ofis, su danna wani abu a cikin aljihu, mota ta amsa "kwit-kwit" ta kanne musu fitila. Na ce ni ma ai ɗan ƙasa ne. Na kai ta wurin mai wayarin na bakin kasuwa, ya sa wa kowace ƙofa makullin lantarki, ya sa wa but, ya sa wa marfin tanki. Da ya gama sai na ga ya zaro wayar nan tawa mai amana, ya naɗe ta ya cilla cikin tarkace.

Na ce, "Maigida, ba za a bar ta ba, saboda ɓacin rana?"

Ya dube ni da tausayi. "Haba Alhaji! Wa ke jan waya yanzu? Ai ka wuce wurin."

Ban taɓa jin an ce na wuce wani wuri ba a rayuwata, sai na yi ta murmushi. Maƙwabcina, wanda unguwa ke kira Na-Gaya-Maka, ya zagaya motar ya ce, "In batir ya mutu fa?" Na ce masa hassada ga mai rabo taki ce.

Dalilin shigata layin mai ba yawon banza ba ne. Tsohuwata ce za a kankare wa yanar ido. Na dama ya rufe ruf, na hagu ne take lallaɓawa da shi. Asibitin yana can nesa a wani gari, kuma mun daɗe muna jira kafin a ba mu rana. Sun ja mana kunne cewa wanda bai iso da sassafe ba, sai ya koma ƙarshen jerin masu jira. Saboda haka ana gobe za mu tafi na kama layi, Na-Gaya-Maka yana bayana da tasa akwalar.

Kun san ƙa'idar layin mai. Ba mai barin inji a kunne. Ka kashe, ka fito, hannu ɗaya a sitiyari, kafaɗa a jikin ƙofa, kana turawa taku-taku. Don rage zafin rana na kunna rediyo, aka yi sa'a kuwa Mai Girma Garkuwan Alkawari ne ke jawabi. Ya ce mai ya wadata har ana rasa inda za a zuba shi. Ya ce layin da ake gani layin zumunci ne, mutane ne ke son ganin juna. Allah ya ja zamaninsa, bai yi ƙarya ba, ni a ranar na haɗu da wani ɗan ajinmu na firamare. Jawabi ya yi daɗi, ya yi tsawo, kuma batirin motata tsoho ne. Tsakanin Mai Girma da batir dole ɗaya ya gaji, kuma kun san Mai Girma ba ya gajiya.

Ban ankara ba sai da na turo ta gaban famfo. Na gyara hula, na ɗaga rimot sama yadda na baya za su gani, na danna. Shiru. Na sake dannawa. Ko tari motar ba ta yi ba.

Mai zuba mai ya ce, "Baba, buɗe mana."

Na ce, "Yanzu, ɗana, na zamani ne."

Na kai hannu gindin kujera don tsohon sabo, na tarar da rami. Na roƙe shi ya zuba mini a jarka, ya nuna mini sanarwar da aka manna a bango: an hana, don kare talaka daga 'yan bumburutu. Madalla da wannan kariya. A daidai lokacin wata baƙar mota mai jiniya ta shigo ta ƙofar fita, aka buɗe but ɗinta da rimot mai aiki, sai ga jarkoki a jere. Su ba talakawa ba ne, ba sa bukatar a kare su.

Aka ture ni gefe. Na-Gaya-Maka, Allah ya saka masa, ya bar nasa layin ya ciro sifana ya kwance batirinsa ya ɗaura mini, kuma bai furta sunansa ba ko sau ɗaya. Na danna, marfi ya buɗe ɓas. Sai muka ji mai zuba mai yana rataye tiyo yana cewa, "Ya ƙare, sai wani jiƙon."

A hanyar gida, muna tura motoci biyu, ya ce, "Mai wayarin ɗin nan ya dace da kujerar mulki. Ka tuna ranar da Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle ya zo buɗe mana famfon unguwa?"

Na tuna. Ana gobe zai zo aka cike rijiyarmu da ƙasa, wai kada baƙi su ɗauka mu 'yan ƙauye ne. Ya danna makunni, ruwa ya zubo, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Ruwan ya bi shi ya tafi, har yau bai dawo ba. Haka suka rushe tsohuwar kasuwa tun sabuwar tana kan takarda. Aikinsu ke nan kullum, saki na hannu, kama na guje, kuma na hannunmu ake saki.

Washegari muka bi motar haya. Ita ma sai da ta tsaya neman mai a hanya. Muka isa rana ta take, ma'aikaciyar ta ce an rufe karɓa, sai dai a sake ba mu wata rana can gaba. Wallahi na ji kunyar tsohuwar nan, na kasa haɗa ido da ita, duk da na san da ƙyar take ganina.

Ba ta yi faɗa ba. Ta laluba ta kama hannuna, ta ce, "Ba komai, ɗan nan. Amma in ranar ta zo, ka tsaya kusa da likitan. Ka ce masa kada ya taɓa mini na hagun nan sai na daman ya fara aiki."

Rimot ɗin yana nan a aljihuna. Duk mai so ya zo ya karɓa kyauta, amma ya taho mini da waya.