Yadda Za Ki Hana Kakarki Yin Waƙa Ranar Bikinki

Amarya, matso kusa. Ni ce Bara'atu mai kwalliya ta nan Azare. Shekara goma sha ɗaya ina shafa wa amare hoda, kuma na gano babu abin da ke rikita bidiyon biki irin kaka mai ƙwarya. Kin kama hol, kin ɗauko DJ, ƙawaye sun yi anko, sai tsohuwa ta kifa ƙwarya ta faro waƙa tun daga kakan kakanki. In kin bi matakan nan, na ba ki tabbacin taki kakar ba za ta ce uffan ba. Na gwada su a kan Zuliha, 'yar yayana, da kakarta ta wajen uwa, Ya Fanna, wadda tun da aure ya kawo ta daga Yobe ba a taɓa bikin dangi ba ta yi waƙa ba. Saura ƙiris mu yi nasara.

Mataki na 1: Kada ki ce mata a'a

Ba a ce wa kaka a'a, sai dai a yi ta kewaye. Ana sa rana Ya Fanna ta sauko da ƙwaryarta daga saman sif, ta daina shan ruwan sanyi.

"Na fara gyaran murya," in ji ta.

Zuliha ta ce, "To Kaka, sai dai mu ga yadda tsarin zai kasance."

Ki riƙe kalmar tsari da kyau. Babu wanda ya san wanda ya yi shi, saboda haka babu wanda za a je wa da ƙorafi.

Mataki na 2: Ki fake da lafiyarta

Ki nuna tausayi. Ki ce ƙirjinta kike ji, ki ce likita ya hana ta ɗaga murya. Sai dai ki fara tabbatarwa ta taɓa ganin likitan. Mu mun manta da wannan, Ya Fanna ta tambaye mu ko a mafarki ya duba ta.

Mataki na 3: Ki guji gardamar waƙar da da ta yanzu

Nan amare da yawa suke faɗuwa. Zuliha ta kunna mata wata sabuwar waƙa don ta ji inda duniya ta kai. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wannan yaron mura yake yi, ko a cikin gwangwani aka rufe shi? Ina makaɗan? Ina 'yan amshi?"

"Duk shi ne, Kaka. Kwamfuta ce take ninka muryar."

"Ashe shi yake yi, shi yake amsa wa kansa. Allah ya ba shi lafiya."

Zuliha ta harzuƙa ta ce su ma ai baiti ɗaya suke nanatawa har a kira magariba. Ya Fanna ta ce ana nanatawa ne don mai kunnen ƙashi irinta ya ji. A matsayina na ƙwararriya, na duba na ga duk suna da gaskiya. Ki sani, gardamar da kowa ke da gaskiya ita ce ba ta ƙarewa.

Mataki na 4: Ki sa a yi miki taki waƙar

In kina da waƙarki ta sutudiyo, sai ki ce wurin waƙa ya riga ya cika. Mu Gali muka samu, mai sutudiyo a ɗaki ɗaya da ya manne wa bango kwalin ƙwai. Cikin kwana uku yake gama waƙar amarya. Abin da yake buƙata kawai sunayen dangi, don a biki duk wadda ba ta ji sunan gidansu ba za ta tafi da ke a baki har Giade.

Zuliha ta zauna rubutu. Ta kai suna bakwai ta tsaya, biyu ma laƙabi ne.

Mataki na 5: Ki karɓo sunayen da dabara

Wanda ya san sunayen mutum ɗaya ne, kuma ita ce kike gudu. Zuliha tana wajen dilka, sai ni aka tura da waya in naɗo sunayen daga bakinta.

Na ce, "Ya Fanna, jero mana su kawai, kamar ana kiran suna a aji."

Ta gwada, ta kai na huɗu ta kakare. "'Yar nan, a baki ba sa zuwa. Sai da kiɗa."

Ta jawo kwanon sha ta kifa a cinya, ta fara bugawa da yatsu, sai ga sunaye suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da garinsu da sana'arsa, daga na Dagauda har na Misau. Minti goma sha bakwai. Kukan akuya ya shiga cikin naɗin, taɓaryar maƙwabta ma ta shiga. Da ta zo kan Humaira, 'yarta, mahaifiyar Zuliha, wadda ta rasu yarinyar tana shekara huɗu, sai muryar ta tsinke a tsakiyar sunan. Ta tsaya, yatsun kawai ke tafiya. Ni kaina sai da na juya kamar ina duba caji. Can ta ja numfashi ta ci gaba.

Zuliha ba ta saurara ba. Wace amarya ke da minti goma sha bakwai? Ta tura wa Gali yadda yake.

Mataki na 6: Ki bar wa mai sutudiyo aikinsa

Washegari Gali ya kira ni. "Anti, wace ce wannan? Wallahi ba zan ɗora muryata a kan tata ba. Ita za ta yi amshin."

Ya yi aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya cire akuya, ya cire taɓarya, ya cire tari da jan numfashi. Wurin da muryar ta tsinke ya ɗauka kuskure ne, ya liƙe shi sumul. Ya zuba kiɗan kwamfuta, ya mai da ita minti huɗu. Muka tafa da Zuliha. Kaka ta yi waƙa ba tare da ta buɗe baki a hol ba, wa zai ce an hana ta?

Mataki na 7: Ki zaunar da ita nesa da makirfo

Ranar wuni muka ba ta kujera mai laushi can kusa da fanka, muka cika mata gaba da kwanon naman kaza. Bayan la'asar DJ ya saki waƙar. Mata suka zubo fili, kowacce na jiran sunan gidansu ta rangaɗa guɗa. Na leƙa Ya Fanna, na ga ƙafarta na motsi ƙarƙashin zane.

Waƙa na ƙarewa ta yafito Gali. Ya zo ya durƙusa.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Hajiya."

"Kana da kunne, kiɗanka ba laifi. Ka mai da ni yarinya, na gode. Amma ina wurin da na tsaya?"

"Ai na gyara shi, Hajiya."

"Wa ya ce maka ya lalace?"

Ba ta nemi makirfo ba. Ta juye naman a faranti, ta kife kwanon, ta yi baitin nan ɗaya daga inda take zaune. A kan sunan Humaira muryar ta sake tsinkewa. Zuliha ta sauko daga kujerar amare, ta ratsa mutane da doguwar rigarta, ta zube a gaban tsohuwa ta ce, "Kaka, sake yi."

Aikin awa uku na yi a fuskar yarinyar nan, duk ya ƙare a zanen Ya Fanna.

Gargaɗi

Ni kwalliya na iya. Duk abin da ya biyo bayan bin matakan nan, babu hannuna. In kakarki ta yi fushi, ke da ita. In ta yi waƙar duk da haka, ban da alhakin girar da ta faɗi, kuma sake kwalliya ba ya cikin alƙawarinmu. In kuma dabarar ta yi miki aiki tsaf, tsohuwa ta zauna shiru har aka watse, kada ki zo shagona bayan shekaru kina tambaya ko akwai wanda ya ɗauki muryarta a waya.