Ƙaddamar da Wasan Burgu

A wani daji, wata ranar Laraba, Burgu ya saki wasansa a kasuwar waya da hannunsa, ba dillali, ba maroƙi.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Fara ce ke tsere wa gobarar daji, mai wasa yana danna fuskar waya, ita kuma tana tsalle daga kara zuwa kara. In ya yi jinkiri ta soyu. Burgu ya ci damuna da rani a rami yana haɗa shi har idanunsa suka soma tsiyaya, kuma ba abin da yake so kamar ya ga dabbobi suna bugawa.

Kafin wannan Larabar ya taɓa zuwa gindin kuka, inda dillalan wasanni ke zama. Su ke da gauraka masu kai talla dazuzzukan ƙetaren kogi, shugabarsu kuwa Ungulu ce.

"Ranki ya daɗe, wasa na kawo."

"Wa ya san ka?" in ji Ungulu, ko wayar ba ta kalla ba. "Mu ba ma ɗaukar abin da ba kowa a bayansa. Je ka tara jama'a ka dawo."

Da ya saki wasan da kansa kuwa, jama'a ta taru. Birai suka manta da gonakin mutane. Giwa ta fasa wayoyi da dama, tana cewa laifin masu ƙera su ne. An ce wata rana Barewa ta bi ta gaban Zaki kanta a sunkuye tana dannawa, ta wuce lafiya, domin shi ma nasa kan a sunkuye yake.

Burgu ya koma gindin kuka yana tafiyar ƙasaita. Hankaka, kakakin dillalai, ya tare shi yana gyara farin ƙirjinsa.

"Malam Burgu, ka yi gaggawa. Mu sana'armu ƙaddamarwa ce. A lulluɓe abu da ƙyalle, a kira uban taro da uwar taro da babban baƙo na musamman, a yi jawabai, a yaye. To yanzu me za mu yaye? Abin da kowane biri ke bugawa a kan reshe?"

"Ai ku kuka ce in tara jama'a."

"Mun ce ka tara jama'a. Ba mu ce ka ba su wasan ba."

Burgu ya juya zai tafi, sai Ungulu ta yi gyaran murya daga sama.

"Yaro, tausayinka nake ji. Ka janye shi daga kasuwa, a ɗan yi masa kwaskwarima, mu ƙaddamar da shi a matsayin sabo. Gaurakanmu za su kai shi inda ƙafarka ba za ta taɓa kaiwa ba."

Ƙetaren kogin nan shi ya ci Burgu. Ya janye wasan. Washegari wani ƙaton Biri ya leƙo bakin raminsa.

"Kai Burgu, ina ka kai mana fara? Saura kara ɗaya in tsallake!"

"Tana wurin manya, ana gyara ta."

"Allah ya jiƙanta," in ji Biri, ya haye bishiya.

Aka kafa kwamitin kwaskwarima. A zaman farko Ungulu ta ce fara ba ta da kwarjini, a sa tsuntsuwa mai kamala, mai ɗan sanƙo.

"Ranki ya daɗe, ai ungulu tashi take yi, gobara ba za ta cim mata ba," in ji Burgu.

"Madalla. A cire gobarar. Dama Zaki ne uban taro, kuma ba ya son a riƙa ambaton gobara, tun waccan da aka ce sakacin fadawansa ne."

"To me mai wasa zai danna?"

"Wannan ƙaramin al'amari ne, ku masu fasaha kun fi mu sani," in ji Hankaka. "Babban abin shi ne gaisuwa. Da an buɗe wasa hoton uban taro ya fito da kirarinsa. Sai na uwar taro. Sai na sauran manya, kowa bisa girmansa."

Rigimar wa ya fi wa girma ta cinye sauran zaman kwamitin. Kada ya ce ba zai biyo bayan Dorina ba. Kura ta ce a sake nata hoton, an nuna haƙoranta da yawa. Burgu yana ta ƙara hotuna yana jiran ranar da za a zo kan maganar wasan, har aka sa ranar biki.

Ranar biki fili ya cika. Aka lulluɓe wayar da farin ƙyalle a kan kututture. Zaki ya yi jawabi a kan muhimmancin fasaha, Kada ya yi a kan muhimmancin jawabin Zaki. Ungulu ta ce ita ta tsinto wannan yaro tun ba wanda ya san shi, wanda kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Aka yaye ƙyalle, aka yi tafi. Wayar ta zaga manyan baƙi, kowa ya danna har ya kai kan hotonsa, ya jinjina kai, ya miƙa wa na gaba.

"Wasa ya yi kyau," in ji Zaki.

Burgu ya miƙe daga kujerar baya, ya ɗaga hannu.

"Ranku ya daɗe, akwai magana ɗaya..."

"Saboda ƙurewar lokaci," in ji Hankaka, "wanda ya haɗa wasan ya gode wa kowa da kowa. Abinci yana hagu."

Taro ya nufi hagu. Gauraka suka tashi da talla zuwa ƙetaren kogi, Burgu yana tsaye hannunsa a sama. So yake kawai ya gaya musu cewa bayan hoton ƙarshe babu komai.