Azumin da Ya Ƙosar da Akuya

Bayan gubar dalma ta kashe ƙanena Sani a Yargalma, sai na yanke hukunci cewa ni ma tana cikin jinina, kuma ni kaɗai zan fitar da ita. Ban nemi shawarar kowa ba. Na shiga azumi kullum a ɓoye, in sha ruwa da jiƙon maɗaci, in yi tofi a tafin hannu in shafe jikina. Tuwon rana da Inna ke zuba mini kuwa, akuyarmu nake juye wa a bayan rumbu. Tana ƙiba, ina ramewa. Da jiri ya fara ɗibata har murna na yi, wai cuta ce ke fita.

Ranar da na faɗi a makaranta, Inna ta zo ko takalmi babu. Ta ɗaure ni a jikinta da zanen da take goya Sani, muka hau babur zuwa asibitin Anka, tana ta faɗi a kunnena, "Ba ke ma ba, ɗiyata."

Aka auna jinina. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Inna, ba dalma ba ta, yunwa ta. Ke, ina tuwonki ka zuwa?"

Na faɗa musu gaskiya. Inna ta zauna a ƙasa.

Yanzu Litinin da Alhamis kawai nake azumi, kuma a gabanta nake cin tuwo. Amma da akuyar ta yi kuka, sai yayana Bello ya leƙo: "Waliyiya, baƙuwarki ta iso, miƙo kwanon!"