Wa Ya Sha Kwanar Wusasa?

"Lafiya lau, Gwaggo, sai godiya. Ya aikin suna? Ina baiwar tawa, ko har yanzu tana kwance tana cinye muku ƙauri?"

Salmanu ke nan, tun daga zaure muke jin muryarsa. Ina tsakar gidan Inna Talatu a Tudun Wada ina taya ta tankaɗe, don washegari ne sunan jaririn da 'yarta Hajo ta haifa. Ƙarshen daminar 1957 ce. Salmanu ɗan wan Inna Talatu ne, shi da Hajo taubasai, tun suna yara ban taɓa jin sun gaisa ba tare da zagi ba. Shi makanike ne kuma direban wani Baturen kamfanin auduga, mai wata mota 'yar Jamus ruwan azurfa, kujera biyu tak, ƙofofinta sama suke buɗewa kamar fukafukai. A cikinta ya kwashi Hajo zuwa asibitin Wusasa ranar da naƙuda ta yi tsanani, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, likitan nan kusa kuma ya tafi rangadi.

Salmanu ya daɗe da aure, Allah bai ba shi haihuwa ba. Duk haihuwar da aka yi a dangi sai ya ce a yi masa takwara, a yi dariya, shi ma ya yi. Ni dai na san dariyar tasa ba ta kai ciki ba, kuma tausayi yake ba ni. Ya shigo yana ɗan ɗingishi. Hajo tana bakin ƙofar ɗaki da ƙwaryar kunun kanwa, jaririn kuwa yana hannun Inna, don ɗan fari ne, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane.

Hajo ta ce, "Wa nake ji kamar Salmanu? Salmanu baƙin mai! Inna, a rufe garin nan, kar ya taɓa mu ci tuwo mai warin gareji."

"Ji 'yar mace da baki! Itacen wankanki na kawo, yana ƙofar gida. Tashi ki durƙusa ki gode wa ubangidanki."

"A motar ka ɗauko?"

"A jaki."

"A jaki! Salmanu, motar da ka cika mana kunne da ita, ashe ko dami ɗaya ba ta ɗauka?"

"Tayar safaya, ta ko-ta-kwana, ta cinye bayan. Ba don itace aka ƙera ta ba."

"To don me? Mutum biyu kawai, ko uwata ba ta samu wuri ba. Sai a keken maƙwabcinmu Malam Nagoda aka goyo ta, ta iso an riga an yanke cibi. Jakin ma ya fi ta sanin zumunci."

"Jakin da sai ranar arba'in zai isar da ke Wusasa?"

"Ita kuma ƙofa, wane mahaukaci ne ya kafa ta a rufi? Kai da Inna kuka cicciɓe ni kamar buhun gero kuka tsallakar da ni wata katanga kafin in ga kujera."

"Katangar nan ita ce ƙarfin motar, jahila. In ka kware mata fata, ba ƙaton ƙarfe za ka gani ba irin na lori. Siraran bututu ne aka sassaƙa aka liƙe, kamar tankar ɗaki. Ɗan dako ɗaya sai ya ɗaga, amma ba ta murɗewa. Saƙar ta hau gefe har ƙugu, babu inda za a yanka ƙofa. Shi ya sa suka kai ta sama."

"Wato sun yi gini sun manta da ƙofa, suka fasa rufi."

Inna Talatu ta tuntsire da dariya har jaririn ya motsa. Salmanu ya jawo turmi ya kifa ya zauna, ya miƙe ƙafar dama a hankali.

Hajo ta ce, "Ga zafi, Salmanu. Na ce ka sauke gilashi, ka ce ba ya sauka. Wallahi tun a cikin motar nan na fara jego. Gadon da ake hura mini wuta a ƙarƙashi ya fi ta sanyi."

"Inji ne a gabanki, silinda shida a jere. An kwantar da shi a gefe guda don hancin motar ya yi ƙasa ta tsaga iska."

"A kwance yake aiki? Ya yi gadon direbansa."

"Kuma ba ta da kafireto, abin nan mai gauraya fetur da iska. Famfo ne ke tsirta mata fetur kai tsaye, kamar yadda Sista Suzana ta tsira miki allura kika yi ihu duk Wusasa ta ji."

"Ƙarya kake, Salmanu. Salati na yi."

"Salatin da ya tashi tsuntsaye daga kan dutse! Ki gode wa halin motar nan. Ba ta son tafiyar sanɗa, in aka ja ta a hankali fulogi sai su yi baƙi ta riƙa tari. Shi ya sa Bature in zai yi tafiya yake ce mini in fitar da ita in buɗe mata wuta. Da na bar ta a rumfa ranar, ina Gwaggo za ta tare ni a bakin titi ba ko mayafi?"

Nan Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah dai ya yi maka albarka, ɗan nan." Ni ma sai da na ajiye rariya, don na tuna fuskar Hajo a ranar, leɓɓanta sun yi fari fat, mun fara cire rai. Amma su biyun ba sa barin magana ta yi nauyi.

Salmanu ya ce, "Kin ji ko? To ladana nake jira. Gobe a yi mini takwara."

"Takwara? A sa wa ɗan mutane sunan mai warin fetur? Me ka yi? Zama ka yi kana murɗa sitiyari, shi ma a hagu kamar na bahago."

"Wa ya sha kwanar gangaren Wusasa? An yi ruwa, jar ƙasa ta zama sabulu, allurar gudu ta haura mil tamanin. Duk Zariya ba mai shan kwanar nan haka ya kwana a gida."

"Ai kai ka ce motar tana da wani hali a kwana. Maimaita wa Inna, Salmanu."

Ya gyara zama, don an zo inda yake so. "Gwaggo, ƙafafunta na baya kowace lilonta take yi daban. Ƙa'idarta, ka rage gudu tun kafin kwana. In ka riga ka shiga, to ka riƙe mata totur har ka fita. In tsoro ya kama ka ka ɗaga ƙafa, nauyi sai ya zube gaba, baya ya yi sakayau, ta wulwulo ta kalli inda ka fito. Ba ta yafe wa matsoraci."

Hajo ta ce, "Madalla. To wa ya riƙe totur ɗin?"

"Wa kuwa? Ni mana."

"Me ya sami gwiwarka?"

"Sifana ce ta faɗo mini."

"Sifana mai farce biyar? Ɗaga wandon mu gani."

"Ke, ba ki da kunya? Gaban Gwaggo?"

"Inna ta yi maka wanka kana tsirara. Salmanu, ina kallonka. Mun shiga kwanar nan da gudu, idonka ya raina fata, kana 'Innalillahi', ƙafarka ta fara ɗagowa. Daidai nan ciwo ya murɗo ni. Na lalubi abin kamawa, ba Inna, ba ungozoma, sai gwiwarka ta dama a kusa da ni. Na damƙe ta na danna da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Motar ta yi gurnani, ta ɗan karkaɗa gindi, ta miƙe. Ni na sha kwanar nan. Kai fasinja ne."

"Ji sharri! Mace tana naƙuda tana tuƙi?"

"Da hannu ɗaya ma kuwa, Salmanu."

"Gwaggo, kin ji abin da kika haifa? Gobe sai ta je wa Bature neman aikina."

"In na karɓa zan ɗauke ka yaron mota, Salmanu. Ka riƙa goge mini fukafukai, Salmanu."

Ya tsaya ya dube ta. "Wai ke lafiya? Tun da na shigo, Salmanu, Salmanu, kamar mai kiran akuya ta ɓata. Da can 'baƙin mai' kawai nake ci. Yau me ya faru da sunana?"

Hajo ta ajiye ƙwaryar kunu. Ta kalli ƙasa, ta ja bakin zane tana murzawa.

"Ƙyale ni in ƙoshi da shi yau," in ji ta. "Daga gobe bakina ba zai ƙara faɗinsa ba har in mutu."

Kowa ya san uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ko a kan wani ta gan shi. Salmanu ya kalli jaririn. Ya juya wajen Inna.

Inna ta ce, "Tun a asibiti mijinta Mahmudu ya yi masa huɗuba da shi. Uban ya ce ko mace aka haifa sai ya san yadda ya yi. Ungo, karɓi takwaranka."

Ya goge hannuwansa a riga, ya sake gogewa, sannan ya karɓa. Mutumin da ke sauke inji shi kaɗai, sai ga shi yana tallafe da ɗan jariri kamar ƙwai. Hawaye suka gangaro masa har gemu, bai ko ɓoye ba. Ni ma na ji daɗi, sai na buɗe baki na rangaɗa guɗa.

Hajo ta share ido da gefen zane ta ce, "A'a, ku karɓe ɗan mutane, zai jiƙa shi! Direban da ba ya tsoro ke nan?"

Salmanu ya yi dariya cikin kuka. Ya sa hannu ɗaya ya ɗage ƙafar wando, sai ga shatin farce biyar a gwiwa, sun yi baƙi.

"Na ɗaga ƙafa, Hajo," in ji shi. "Wallahi na ɗaga. Ke kika sha kwanar."

"Na sani. Amma kai ka tsaya da Inna ta tare ka." Ta ɗauki ƙwaryar kunun ta tura masa gabansa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. "Sha, rana ba ta faɗi ba tukuna, da sauran lokacina. Na gode, Salmanu."